Shirin Jarrabawar Turanci a Ƙasar Kazaure da Babura

Ran 4 ga Agusta 2025 Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda kowa ya fi sani da WAEC, ta fid da sakamakon jarrabawar fita babbar sakandare ta wannan shekara. Yara 1,969,313 suka zauna mata a Nijeriya, aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kaɗai suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ƙasa duka ta ɗauki salati, gama a 2024 kashi 72.12 ne suka sami haka. Bayan kwana huɗu sai hukumar ta komo ta ce an yi kuskure wajen duba takardar zaɓen amsa ta Turanci, ta nemi gafara, ta sake lissafi, adadin ya hau zuwa kashi 62.96.

Mutane da yawa sun tsaya ga zargin hukumar, kuma ba mu ce ba su da gaskiya ba. Amma akwai abin lura da ya fi zargi amfani. Kuskure a takarda ɗaya ta darasi ɗaya ya isa ya jefa yara kusan rabin miliyan cikin waɗanda suka faɗi, gyaransa kuma ya fid da su. Ka ga nauyin Turanci ke nan a wannan jarrabawa. Har wa yau, ko bayan gyaran, fiye da yaro ɗaya cikin uku ya koma gida ba shi da takardar da za ta kai shi gaba.

Saboda haka muke so mu yi magana da malaman makarantu da akawunan ƙananan hukumomi na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a kan yadda ake shirya yaranmu su fuskanci wannan darasi. Ra'ayinmu shi ne, wahalar da ake sha wajen bita ana shan yawancinta ne a inda maki ba shi da yawa, kuma ana fara ta bayan lokaci ya ƙure. Inda makin yake, watau rubutu da hannun yaro da kalmominsa, nan ne aka fi sakaci.

Makarantu a Ƙofar Gida

A zamanin En'e, yaron Kazaure da ya gama elementare sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Midil ta Kano, in Allah ya yi masa rabo ya wuce kwaleji. Yau ilmi ne ya biyo mu gida. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991, shekarar da aka yi Jihar Jigawa, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. Akwai makarantar koyon ilmin kwamfuta da Gwamnatin Jiha ta buɗe a garin a 2001. A Babura kuwa an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. In an ɗan yi nisa, ga jami'a a Dutse, ga wata a Kafin Hausa, ga Kwalejin Ilmi a Gumel. Iyayenmu ko a mafarki ba su ga irin wannan ba.

To, amma gina jami'a a garinku bai ba ɗanka kujera a cikinta ba. A watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu, ta ɗauke wa masu neman karatun adabi da tarihi da makamantansu tilascin kiredit a Lissafi. Ga mai neman jami'a kuwa ba ta taɓa Turanci ba: ko likita zai zama ko injiniya ko malamin Hausa, sai ya zo da kiredit ɗinsa, watau daga A1 zuwa C6. D7 da E8 sunansu ci, amma ba su buɗe ƙofa. Jarrabawar JAMB ita ma tambaya 60 cikin 180 ɗinta na Turanci ne, kuma ba wanda aka ɗauke wa.

Waɗansu suna dogara ga kason da ake ba jihohin da aka bari baya wajen ilmi. Gaskiya ne, a jami'o'in Tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa ƙwazo, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari baya, Jigawa kuwa tana cikinsu. Amma kason nan na wanda ya cika sharaɗi ne. Yaron da ba shi da kiredit a Turanci ba a ko sa sunansa cikin waɗanda za a raba wa. In ba mu tashi tsaye ba, za mu wayi gari mu ga ɗakunan karatu na Babura da Kazaure cike da 'ya'yan waɗansu, namu suna bakin ƙofa suna sai musu da ruwan sanyi da katin waya. Ba mu ƙin baƙo, gama makarantun na ƙasa ne duka. Abin da muke ƙi shi ne mai gida ya zama ɗan kallo.

Inda Makin Yake

Bari mu buɗe jarrabawar mu dube ta, don sau da yawa malami yakan shekara yana shirya yara bai taɓa zama ya auna rabon makinta ba. Bisa manhajar da WAEC ta buga, takarda uku ce. Akwai ta zaɓen amsa, wadda yara ke kira canki-canka: tambaya 80, awa ɗaya, maki 40. Akwai ta furuci: tambaya 60, minti 45, maki 30. Sa'an nan akwai ta rubutu, awa biyu, maki 100. Duka 170 ke nan, kusan kashi uku cikin biyar nasa yana takardar rubutu. Ta NECO, wadda aka kafa a 1999, kuma yaran makarantun gwamnati da yawa a Arewa ita suke zaunawa, tsarinta bai yi nisa da wannan ba.

Takardar rubutu kashi uku ce. Na fari insha'i, maki 50: a ba yaro batutuwa biyar ya zaɓi ɗaya, ko wasiƙa, ko jawabi, ko rahoto, ko maƙala don jarida, ko labari, ya rubuta kalmomi kamar 450. Na biyu auna fahimta, maki 20. Na uku taƙaitawa, maki 30, inda zai karanta dogon bayani ya fid da jigoginsa cikin 'yan jumloli da kalmomin kansa. Wanda ya kwafo layin littafi yadda yake ya ajiye, hasara ya yi.

Makin insha'i kuma ga yadda ake raba shi: 10 don abin da aka faɗa, 10 don tsari, 20 don iya sarrafa harshe, 10 don tsabtar rubutu. Wannan na ƙarshe shi ne mahakar yaranmu. Kowane kuskure na nahawu ko na jeren haruffa ko na alamomin rubutu, rabin maki ake cirewa. Kuskure ashirin ya cinye goman ƙaf. A rubutun kalmomi 450, ke nan in yaro yana tuntuɓe sau ɗaya a kowane layi biyu, ya fita ba ko ɗaya. Duk malamin da ya taɓa duba littafin ɗan aji uku ya san akwai masu cika ashirin ɗin tun ba su gama shafin fari ba. Kuma yaron da ya rasa wannan goman, da wuya ya sami rabin ashirin na sarrafa harshe, gama cutar ɗaya ce.

Manyan masu duba takardu na WAEC suna buga rahoto bayan kowace jarrabawa, kukansu kuwa kusan ɗaya ne kowace shekara: jumloli marasa kai, rashin sanin inda ake sa aya da waƙafi, gajerun kalmomi irin na saƙon waya, kwafe a maimakon taƙaitawa, da ƙarancin karatu. Ya kamata a ce kowace makaranta tana da wannan rahoto, malaman Turanci sun zauna sun karanta shi tare.

Yadda Ake Bita Yanzu

Yanzu mu gwada wannan rabo da abin da aka saba yi. Yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ya wuce aji biyu, ana rubuta masa ma'anar suna da aikatau a allo yana kwafewa. Sai an shiga zango na biyu na aji uku hankali ke tashi. A sayo littafin tsofaffin tambayoyi, a kafa darasin yamma, malami ya karanta tambaya, yara su ɗauka baki ɗaya, “B!” In an dace a wuce, in ba a dace ba a ce “C ce,” a wuce. Ba mai tambayar dalili. Ana gab da jarrabawa kuma a ba su wasiƙa biyu ko uku su haddace, da fatan ɗaya za ta fito.

Ba mu raina tsofaffin tambayoyi. Suna koya wa yaro siffar jarrabawa, suna koya masa tsimin lokaci, suna cire masa tsoro. Amma awo ne su, mudu kuwa ba ya ƙara hatsi. Yaron da ya amsa tambaya dubu ta zaɓe bai rubuta jumla ko ɗaya ba. Wanda ya haddace wasiƙa zuwa ga babansa, ranar jarrabawa aka ce ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, sai ya juye abin da ke kansa, mai duba kuwa ya hana shi makin abin da aka tambaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, harshe kuwa ya fi gora wuyar fafewa.

Dalilin da ya sa malamai suka karkata ga zaɓen amsa ba ɓoyayye ba ne, kuma ba lalaci ba ne. A ce malami yana da aji huɗu, kowanne yara sittin. Littattafai 240 ke nan. In ya ba kowane insha'i minti biyar, awa ashirin zai yi yana duba aikin rana ɗaya, ga shirin darasi, ga iyali, ga gona in damina ta faɗi. Tambayar zaɓe kuwa a minti goma an gama da aji duka. Duk shawarar da ba ta dubi wannan lissafi ba, a takarda za ta tsaya. Za mu komo kansa.

Inda Bahaushe Ke Tuntuɓe

Littattafan bita da ke kasuwa an rubuta su ne don ƙasa duka, ba su san ɗan Roni ba, ba su san ɗan Gwiwa ba. Alhali kurakuran yaronmu ba barkatai suke ba. Suna da asali, asalinsu kuwa Hausa ce, kuma malamin da ya san harsunan biyu yana iya faɗinsu tun yaro bai yi su ba.

Dubi jinsi. A Hausa kowane abu ko namiji ne ko mace: mota ta lalace, gari ya waye. Sai yaro ya kira mota “she”, gama ba mu da abin da ya yi daidai da “it”. Dubi kalmar ji. Mu da ita muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Larabci. Bature kuwa kowanne da kalmarsa, sai yaro ya rubuta “I hear smell”. Haka sha: muna shan magani, mu sha rake, mu sha wahala, duk sai ya mai da su “drink”. Ara mini da na ara duk aro ne a wurinmu, don haka “borrow” da “lend” suke rikice masa. Ga kuma 'yan ƙananan kalmomin nan “a” da “the”, da sunayen da ba a jam'inta su, irin “advice” da “furniture”, waɗanda yaro kan liƙa wa “s” da zuciya ɗaya. Kowane ɗaya rabin maki ne.

A takardar furuci ma haka. Hausa wasali biyar gare ta, dogo da gajere, da 'yan tagwaye. Turancin da ake jarrabawa a kansa yana da kamar ashirin. Ba mu raba “p” da “f”, don haka “pan” da “fan” ɗaya ne a kunnen yaro. “V” takan zama “b”, “th” takan zama “s” ko “z”. Ba mu son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, shi ya sa muka mai da “bread” burodi, “screw” sukuru. Mu karin sauti muke bi, su kuwa nauyin gaɓa. Abin mamaki, a Nijeriya a kan takarda ake wannan jarrabawa, ba a sa yaro ya ji ko ya furta kome ba. Ke nan sautin da zai zaɓa sai wanda ya riga ya zauna a kunnensa, daga bakin malami ko daga rediyo. Wanda bai taɓa jin bambancin “ship” da “sheep” ba, canki-canka zai yi na gaske.

Da kowace makaranta za ta tara irin waɗannan kurakurai guda talatin daga littattafan yaranta, ta bi su ɗaya ɗaya, tana gwada Hausa da Turanci gefe da gefe a allo, da ta fi amfana da hakan bisa ga littafin bita mai shafi ɗari biyar.

Batun Harshen Koyarwa

Wannan ya kawo mu ga muhawarar da ta tashi a ƙarshen 2025. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare. A 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana Ministan Ilmi, aka ƙara zuwa shekara shida. A watan Nuwamba 2025 Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin fari har jami'a, hujjarsa kuwa yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka fi riƙo da harshen gida. A wannan shekara kuma maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda iyakarsu ke dab da Babura, suka mai da Hausa harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki.

Damuwar Ministan damuwarmu ce, amma a ganinmu Hausa ba ita ce ta ka da yaranmu ba. Tarihi yana da shaida biyu. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yi suna wajen Turanci, har ɗalibinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama abin misali a duniya saboda daɗin lafazinsa. Mutanen wancan zamani kuwa da Hausa suka fara karatu da rubutu a elementare. Abin da suka samu daga baya shi ne aji ƙarami, da malami gwani, da gyara kullum. Shaida ta biyu gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya shugabanta a Ife daga 1970: aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi malamai ƙwararru a matsayin darasi, yaran kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. A wuraren nan biyu sirrin ɗaya ne, watau malamin da ya iya, da aikin da ake dubawa.

Doka tana iya sauya harshen da aka rubuta a jadawali, amma ba ta sa malamin da bai iya Turanci ba ya iya shi da safe. Yaron da bai iya karatu da Hausa ba kuma ba zai iya da Turanci ba don an hana shi Hausar. Tun da umarni ya fito, ma'aikata za su bi. Amma muna roƙon shugabannin makarantu kada su mai da shi dalilin tarar yaro don ya yi Hausa, ko hana malami ya yi bayanin ƙa'ida mai wuya da harshen da yaro ke ji. Tsani ne Hausa a wannan aiki, mai hawa kuwa ba ya ture tsaninsa.

Hanyoyin da Ake Toshewa

Ba ma ɓoye wa juna cewa akwai iyaye da yaran da suka daina dogara ga bita, suka koma ga satar amsa, ko kai yaro wata makaranta ta nesa inda ake rubuta amsa a allo. Shekarar 2025 ta nuna inda iska ta dosa. Ran 28 ga Mayu aka jinkirta takardar Turanci saboda maganar fitar tambayoyi, har yara a jihohi da dama suka yi ta da dare da hasken tocila da na waya. Laifin 'yan kaɗan ya faɗa kan kowa. A wannan shekara kuma WAEC ta soma jujjuya jerin tambayoyin zaɓe a Turanci da Lissafi da waɗansu darussa biyu, yadda lamba biyar ta wannan yaro ba ita ce lamba biyar ta maƙwabcinsa ba. Mai raɗa “B” a bayan aji kasuwarsa ta mutu.

Ga kuma kwamfuta. JAMB ta koma kanta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara gwada ta ga masu zaman kansu a 2024, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba da umarni a 2025 cewa WAEC da NECO su bi sahu. Ko an yi sauri ko an yi jinkiri, can aka nufa. Yaron ƙauye da bai taɓa sa hannu a kan na'ura ba zai yi jarrabawa biyu a zama ɗaya. A nan ƙasar Kazaure tana da sa'ar da wurare da yawa ba su da ita, gama manyan makarantun da muka ambata suna da ɗakunan kwamfuta. Ba abin da zai hana ƙananan hukumomi su nemi a yi yarjejeniya, a riƙa kawo 'yan aji uku daga Roni da Gwiwa ranar Asabar, ko sau biyu a zango, su saba. Kuɗin mota ne kawai.

Abin da Ke Hannunmu

Na fari, a ja bita baya zuwa aji ɗaya. Zango tara yaro ke yi a babbar sakandare. In ya rubuta insha'i ɗaya kowane mako biyu, zai shiga ɗakin jarrabawa ya riga ya rubuta kamar arba'in. Wanda ya rubuta arba'in aka gyara masa, da wanda ya haddace uku, ba hanyarsu ɗaya ba.

Na biyu, a sauƙaƙa wa malami dubawa, don kada lissafin nan na awa ashirin ya kashe niyya. Ba kowane aiki ne sai ya kai kalmomi 450 ba. Sakin layi ɗaya mai jumla shida ya isa a mako. Ba kowane kuskure za a bi ba. Wannan mako lokutan aikatau kaɗai, mako mai zuwa aya da babban baƙi. Malami ya ja layi ƙarƙashin kuskure ya sa alama, yaro ya nemo gyaran da kansa ya sake rubutawa, gama gyaran da yaro bai sake rubuta shi ba jan biro ne kawai. Aji ɗaya a duba shi sosai wannan mako, saura su yi musayar littattafai ana gyara tare a allo, mako mai zuwa a juya.

Na uku, a ɗauko batutuwa daga abin da yaro ya sani. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan rijiyar burtsatse da ta lalace. Maƙala a kan noman rani a bakin dam ɗin Kazaure. Rahoton ranar kasuwa a Babura, da baƙin da ke ƙetarowa daga Nijar. Muhawara a kan ko ya kamata yarinya ta gama sakandare kafin aure. In yaro yana da abin faɗa, yaƙinsa da harshe kaɗai ya rage. Ya fara tsara dalilansa da Hausa in ya so, sa'an nan ya gina su da Turanci, malami yana tsare shi daga fassarar kalma da kalma.

Na huɗu, karatu da ji. Minti goma sha biyar kowace safiya, yaro ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su faɗi jigon abin da suka ji cikin jumla biyu. Wannan shi ne taƙaitawa, shi ne auna fahimta, shi ne furuci, duk a zama ɗaya. Malamin Tarihi da na Kimiyya su ma su daina karɓar amsa mai kalma ɗaya. Su nemi cikakkiyar jumla.

Na biyar naku ne, akawuna da ma'aikatan ofis. Ba wanda ya fi ku sanin wasiƙar hukuma: inda adireshi ke zama, yadda ake kanu, yadda ake rufewa. Abin da kuke yi kullum da safe shi ne ake ba yaro maki a kansa. Awa ɗaya a mako a makarantar garinku ba za ta rage ku da kome ba. Jaridun da aka gama karantawa a sakatariya, maimakon su ƙare wajen mai tsire da mai ƙosai, a ɗaure su a aika makaranta. Masu riƙe da kuɗi kuma su tuna, biya wa yaro kuɗin jarrabawa alheri ne, amma in ba a saya masa littafin rubutu da ƙamus tun aji ɗaya ba, an biya masa kuɗin faɗuwa ne. Mu ma'aikatan duba makarantu, namu shi ne in mun je rangadi mu ce a kawo littattafan yara, mu ƙirga insha'i nawa aka yi, nawa aka gyara, kafin mu tambayi rajista.

Iyaye kuma su yi haƙuri su saki yaro ya zauna aji, musamman a zangon fari lokacin kaka, da watannin jarrabawa sa'ad da ake sharar gona da shuka. Makon da aka rasa a aji ɗaya ba a rama shi a aji uku.

Ba mu ce Turanci ya fi Hausa ko Larabci daraja ba. Mabuɗi ne da tsarin ƙasa ya rataya a ƙofar jami'a da ta ofis, kuma muddin yana nan a rataye, wajibi ne mu sa shi a hannun 'ya'yanmu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaran da suka shiga aji ɗaya bana suna da shekara uku a gabansu, kuma littafin rubutu na farko ana iya buɗe shi ran Litinin mai zuwa. Allah ya ba malamai haƙuri, ya ba yara basira, ya sa mu ga 'ya'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a cikin makarantun da aka gina a ƙasarsu. Amin.